Sabuwar Kwamfuta Ta Fito: A Yi Hanzarin Saye Ko A Dakata?

Gabatarwa

A shekarar 2013 Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara gwada ba da jarrabawar shiga jami'a ta hanyar kwamfuta, a 2015 kuma ta ajiye takarda da fensir baki ɗaya. Hukumar WAEC ta bi sahu a farkon 2024 da jarrabawar ɗalibai masu zaman kansu, sa'an nan a 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta bayyana aniyarta ta mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Ke nan ɗalibin da ke karatu a Zuru, ko Dabai, ko Ribah, ko Mahuta, ko Dirin Daji, idan bai saba da kwamfuta ba, zai shiga ɗakin jarrabawa da nauyi biyu, na tambayoyi da na na'urar da zai amsa su a kanta.

Wannan ya sa shugabannin makarantu, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da ɗaliban da suka sami gurbi a Jami'ar Tarayya ta Aikin Gona da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020, suke fuskantar tambaya guda. Ga kwamfutoci na da a ɗakin gwaji, sun soma nawa. Ga kuma dillalai suna tallan sabon samfurin da ya fito bana. Shin a zuba kuɗi a sabon tun yana ɗanye, ko a dakata, ko kuwa a gyara na hannu? Kuɗin makaranta ƙididdigagge ne, wanda aka kashe a kan kuskure ba ya dawowa. Wannan darasi zai bi tambayar daki-daki, tare da aron wasu ƙa'idoji daga ilmin halittu da aikin gona, domin ɗalibin ƙasar Zuru ya riga ya san su a gonar gidansu.

Abin da ake nufi da sabuwar tsara

Sassa huɗu ne suka fi muhimmanci a wannan magana. Na farko shi ne firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Na biyu ma'ajiyar wucin gadi da ake kira RAM, inda ake shimfiɗa aikin da ake cikin yi, kamar tabarmar da ake baza hatsi a kai. Na uku ma'ajiyar dindindin, wato rumbun da bayanai ke kwana ko an kashe wuta. Na huɗu shi ne babban allon da aka dasa sauran a kansa, wanda masu gyara ke kira madabod. Kamfanoni irin su Intel da AMD kan fito da sabon zubin firosesa kusan duk shekara ɗaya ko biyu, kowane zubi kuma ana kiransa tsara: tsara ta takwas, tsara ta goma sha biyu, da sauransu.

Ƙarfin firosesa ya dogara ƙwarai ga yawan tiransistocin da ke cikinta, wato 'yan mitsi-mitsin makunnai masu buɗe wa lantarki hanya da rufe ta. Firosesar Intel 4004 ta shekarar 1971 tana da 2,300. Pentium ta 1993 tana da miliyan 3.1. Firosesar M1 da kamfanin Apple ya fitar a 2020 kuwa tana da biliyan 16. Tun a 1965 Gordon Moore, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Intel, ya lura cewa adadin yana ninkawa a kai a kai, a 1975 kuma ya ce ninkin zai riƙa zuwa duk shekara biyu.

Sai dai akwai abin da mai saye ya kamata ya sani. A shekarun 1990 saurin firosesa ya riƙa hawa kamar farashi a lokacin fari, har kwamfutar shekara uku takan zama tsohuwa tukuf. Wajen shekarar 2005 wannan hawa ya ci karo da matsalar zafi, domin duk ƙarin sauri yana zuwa da ƙarin cin wuta da ƙarin ɗumi. Pentium 4 ta tsaya a gigahaz 3.8. Daga nan masu ƙira suka koma sanya ƙwaƙwale da yawa a cikin firosesa guda. Sakamakon haka, bambancin da ke tsakanin tsarar bana da ta bara sau da yawa ƙalilan ne, mai buga wasiƙa ko mai amsa tambayoyin jarrabawa ba zai ma ji shi ba. Wanda ke kallon kasuwar yau da idon shekarun 1990 zai biya kuɗi mai yawa a kan ƙari kaɗan.

Darasi daga manoman masara

Binciken da ya fi shahara a kan yadda mutane ke karɓar sabon abu ba a kan na'ura aka yi shi ba, a kan irin masara aka yi. A 1943 wasu masana biyu, Bryce Ryan da Neal Gross, suka wallafa nazarin da suka yi a kan manoma 259 na wasu ƙauyuka biyu a jihar Ayowa ta Amurka. An kawo wa manoman nan irin masara mai aure wajen 1928, wanda ya fi na gargajiya albarka. Duk da haka sai a 1941 aka tarar kowa ya karɓa, in ban da mutum biyu. Abin lura shi ne, akasarinsu ba su shuka sabon irin a duk gonarsu tashi ɗaya ba. Sun fara da ɗan yanki, suka duba amfanin maƙwabta, sa'an nan suka faɗaɗa.

A kan wannan harsashi Everett Rogers ya gina littafinsa na 1962, inda ya kasa masu karɓar sabon abu gida biyar: 'yan gaba-dai kashi 2.5 cikin ɗari, masu saurin karɓa kashi 13.5, jama'ar farko kashi 34, jama'ar baya kashi 34, sai 'yan ƙurar baya kashi 16. 'Yan gaba-dai su ne ke ɗaukar asarar gwaji, shi ya sa galibi masu hali ne, waɗanda in abu ya lalace ba za su kwana da yunwa ba.

Manomin dawa a Senchi ko Wasagu bai karanta Rogers ba, amma haka yake yi. Idan malamin gona ya kawo sabon iri daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, yakan ware 'yan kunyoyi ya gwada, ya ga yadda irin zai yi da ƙuduji da ƙarancin ruwa, kafin ya ba shi gonar da iyali ke ci. Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta guda ɗaya matsayinta ɗaya da manomi mai gona ɗaya, ba ta da hurumin yin gwaji da dukan abin da ta mallaka.

Haɗarin farkon fitowa

A ilmin halittu an san cewa yawan mutuwa ba ya tafiya bai ɗaya a tsawon rayuwa. Mai kiwon kaji ya san makonnin farko ne 'yan tsaki suka fi mutuwa. Waɗanda suka tsallake sukan rayu lafiya na wani lokaci, sai tsufa ya zo mutuwa ta sake yawaita. Injiniyoyi sun tarar kayan lantarki ma haka suke. Idan aka zana yawan lalacewarsu a kan takardar giraf, zanen kan fito da siffar ƙwarya: sama a farko, ƙasa a tsakiya, sama a ƙarshe. Wanda aka haɗa da aibu yakan nuna shi a watannin farko, abin da ya sa takardar garanti ke da daraja ke nan.

Bayan aibun na'ura ɗaiɗaiku, akwai wanda ya fi shi muni, wato kuskure a cikin ƙirar kanta, wanda ke bin kowace na'ura ta wannan zubi kamar cutar gado. Tarihi ya ba da misalai.

A 1994 wani malamin lissafi a Kwalejin Lynchburg ta jihar Bajiniya, Thomas Nicely, ya gano cewa sabuwar firosesar Pentium tana kuskure a wasu lissafin rabawa. Idan aka raba 4,195,835 da 3,145,727, amsar daidai takan fara da 1.33382, amma Pentium sai ta ba da 1.33373. Da farko Intel ya ce kuskuren ba zai shafi yawancin jama'a ba. Da surutu ya yi yawa, kamfanin IBM kuma ya dakatar da sayar da kwamfutocinsa masu wannan firosesa, sai a Disamba 1994 Intel ya amince ya musanya wa duk mai so. Abin ya ci masa dala miliyan 475.

A Janairu 2011 kamfanin ya sake sanar da wani aibu a guntun da ke rakiyar firosesar tsara ta biyu, 'yan makonni bayan fitowarta, wanda kan sa mahaɗar rumbun ajiya ta lalace a hankali. A 2016 Samsung ya fito da wayar Galaxy Note 7 a watan Agusta, ya janye ta a Satumba saboda batirinta na kama wuta, ya daina ƙera ta a Oktoba. A 2024 kuma Intel ya amsa cewa wasu firosesocinsa na tsara ta 13 da ta 14 na kwamfutar kan tebur suna neman ƙarfin lantarki fiye da kima, abin da ke lalata su, har ya ƙara wa masu su garantin shekara biyu.

A duk waɗannan misalai kamfanonin sun musanya ko sun gyara. To amma mai saye a Landan ko Dubai tafiyar 'yan mintoci ce tsakaninsa da wakilin kamfani. Mai saye a Zuru kuwa, kayansa sun biyo ta hannun dillali a Kasuwar Kwamfuta ta Ikeja ko ta Kano ko Kaduna, wataƙila ta hannu biyu ko uku. Kafin a mayar da na'ura a musanyo ta, zangon karatu ya wuce. Garantin da ba za a iya kai ƙafa gare shi ba takarda ce kawai.

Akwai kuma haɗarin bin hanyar da za ta toshe. Pentium 4 ta farko, ta Nuwamba 2000, ta zo da wata irin mazauna a kan allo da aka kira Socket 423, tana kuma buƙatar wata RAM mai tsada ta kamfanin Rambus. Kafin shekara ta zagayo an sauya mazaunar da Socket 478, daga baya kuma kasuwa ta koma kan RAM mai araha da ake kira DDR. Waɗanda suka yi hanzari suka wayi gari da allon da sababbin firosesoci ba sa hawa kansa. Haka aka yi da faifan bidiyo na HD DVD, wanda Toshiba ya jingine a Fabrairu 2008 bayan Blu-ray ya yi rinjaye. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Har ila yau, sabuwar tsara ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Firosesar AMD ta jerin Ryzen 7000 da ta fito a 2022 ba ta aiki sai da sabon allo da sabuwar RAM ta DDR5, wadda a lokacin ta fi DDR4 tsada nesa. Wanda ya yi niyyar sauya abu ɗaya sai ya tarar ya sauya uku.

Ƙa'idar ganga mai gajeren katako

Kafin a yi maganar saye, wajibi ne a gano abin da ke sa kwamfutar da ake da ita nawa. A nan ma aikin gona yana da abin faɗi. A 1828 masanin Jamus Carl Sprengel ya bayyana wata ƙa'ida, wadda Justus von Liebig ya yaɗa daga baya: girman shuka ya dogara ga sinadarin da ya fi ƙaranci a ƙasa, komai yawan sauran. Akan kwatanta abin da gangar katako wadda katakanta ba tsayinsu ɗaya ba. Ruwa ba zai wuce bakin katako mafi gajarta ba. Idan fosfaras ne ya gaza a gona, ƙara buhun yuriya goma asarar kuɗi ce.

Masanin kwamfuta Gene Amdahl ya kawo makamanciyar wannan ƙa'ida a 1967: amfanin ƙara wa wani sashe sauri ba zai wuce gwargwadon lokacin da wannan sashe ke ci a cikin aikin ba. Alal misali, a ƙaddara wata kwamfuta tana ɗaukar daƙiƙa 50 kafin ta buɗe wata manhaja, daƙiƙa 40 wajen jiran rumbun ajiya, 10 wajen lissafin firosesa. Idan aka sayo firosesar da ta ninka ta da sauri, 10 ta koma 5, jimla daƙiƙa 45. Idan kuwa aka bar firosesar aka sauya rumbun da wanda ya fi shi sauri sau huɗu, 40 ta koma 10, jimla daƙiƙa 20.

Wannan misali ya yi kusa da halin da tsofaffin kwamfutocin makarantu da yawa ke ciki. Rumbun ajiya na da, mai faifai da ke juyawa, yakan karanta megabayit 100 zuwa 150 a daƙiƙa. Rumbun SSD na talakawa, wanda ba shi da wani abu mai motsi, yakan kai 500, kuma ya fi na da saurin gano ƙananan fayiloli nesa ba kusa ba. Sanya SSD da ƙara RAM daga gigabayit 4 zuwa 8 kan farfaɗo da kwamfutar shekara takwas, a kan kuɗin da bai kama ƙafar na sabuwa ba.

Wani lokaci ma gajeren katakon ba a cikin kwamfutar yake ba. Yana iya zama wutar lantarki, ko intanet, ko rashin malamin da ya iya koyarwa. Kwamfutar kan tebur tare da allon kallonta takan ci wajen wat 100 zuwa 150, ta tafi-da-gidanka kuwa wajen 30 zuwa 65. A ƙaddara ɗaki mai kwamfuta 40. Idan kowace na cin wat 120, ana buƙatar wat 4,800. Idan kowace na cin 45, wat 1,800 ya isa. Wannan bambanci shi zai nuna girman janareta ko yawan farantan sola da batura da za a saya. Kwamfuta mafi ƙarfi a duniya, in babu wuta, akwati ce.

Zafi ma abin lissafi ne. Ɗaliban ilmin halittu sun san cewa ayyukan sinadarai a jikin halitta kan ninka sauri idan zafi ya ƙaru da digiri 10, matuƙar ba a wuce iyaka ba. Injiniyoyi na amfani da irin wannan ƙiyasi ga kafasitocin da ke cikin na'ura: ƙarin digiri 10 na iya rage rayuwarsu da rabi. A watannin Maris da Afrilu zafin Zuru kan kusanci digiri 40, ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe fanka da ƙofofin iska. Na'ura mai cin wuta da yawa ta fi fitar da zafi. Saboda haka silin mai kyau, da fanka, da sitabilaiza, da busa ƙura a kowane zango, suna iya tsawaita rayuwar ɗakin kwamfuta fiye da sabon samfuri.

Jinkiri ma yana da nasa haɗari

Kada mai karatu ya ɗauka cewa dakatawa ita ce daidai kullum. Akwai dalilai da ke sa jinkiri ya zama asara.

Na farko shi ne ƙarewar tallafin manhaja. Kamfanin Microsoft ya fito da Windows 10 a Yuli 2015, ya kuma daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025. Ya ba ɗaiɗaikun jama'a damar ƙarin wa'adi zuwa Oktoba 2026, hukumomi da makarantu kuma zuwa 2028 idan sun biya. Windows 11, wadda ta fito a Oktoba 2021, tana da sharuɗɗa: RAM gigabayit 4 aƙalla, rumbu mai gigabayit 64, guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da firosesar Intel ta tsara ta takwas, wato ta 2017, ko wadda ta biyo baya, ko takwararta ta AMD. Kwamfutocin da suka girme wannan ba sa cikin jerin da kamfanin ya amince da shi.

Kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro kamar yaron da ba a yi wa rigakafi ba ne a lokacin annoba. A Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin gwamnati a Ingila. Abin takaici, tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar da ta bi ta shiga. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda ba su sanya gyaran ba, da waɗanda ke kan tsohuwar manhajar da aka daina kula da ita. Makarantar da ke ajiye sakamakon ɗalibai da bayanan kuɗi a irin wannan kwamfuta, tana kuma haɗa ta da intanet, ta ajiye dukiyarta a ɗaki marar ƙofa.

Na biyu shi ne farashi. A ƙasashen da ake ƙera kayan nan, al'ada ce farashin samfuri ya sauka bayan 'yan watanni. A Nijeriya kuwa da dala ake sayo su. Kafin Yuni 2023 dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen naira 460, a cikin 2024 ta haura 1,500. Wanda ya riƙe naira a wannan tsakani yana jiran kaya su yi araha, kuɗinsa ne suka narke. Bugu da ƙari, a ƙarshen 2025 farashin RAM ya tashi ƙwarai a kasuwar duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun yi wa masana'antu wawa. Ke nan dakatawa da kuɗi a aljihu ba hikima ba ce. Hikimar tana cikin zaɓen abin da za a saya da su.

Na uku, akwai ayyukan da ke buƙatar ƙarfin na'ura na gaske. Kundin gadon halittar ɗan Adam, wanda aka kammala karanta mafi yawansa a 2003, yana da haruffa wajen biliyan 3. Na dawa, wanda aka wallafa a 2009, yana da wajen miliyan 730. Mai binciken da ke kwatanta irin waɗannan kundaye, kowace sa'a da na'ura ta rage masa riba ce. A Maris 2020 cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, jihar Osun, a ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta fitar da kundin ƙwayar cutar korona na farko a nahiyar Afirka cikin 'yan kwanaki. Irin wannan wuri yana da hujjar neman sabon kaya da wuri. Ɗakin da ake koyon buga rubutu da gwajin jarrabawa ba shi da wannan hujja.

Yadda za a yanke shawara

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da matakai kamar haka.

Da farko a rubuta aikin da kwamfutar za ta yi. Idan makaranta na son zama cibiyar jarrabawa, to ta nemi sharuɗɗan hukumar a rubuce kafin ta sayi ko da linzami ɗaya, domin ƙa'idar JAMB ta daɗe tana neman aƙalla kwamfuta 250 a cibiya, tare da na ko-ta-kwana da wutar da ba ta yankewa. A nan yawa da ɗorewa ake nema, ba ƙarfin gudu ba.

Na biyu, a gano gajeren katako. A cikin Windows akwai shafin da ake kira Task Manager, wanda ke nuna kashi nawa cikin ɗari na firosesa da RAM da rumbu ake amfani da shi. Wanda ke kaiwa 100 a lokacin da kwamfuta ke nawa, shi ne mai laifi.

Na uku, a duba ko kwamfutar za ta ɗauki manhajar da ake tallafa wa. Idan ba za ta ɗauki Windows 11 ba, amma lafiyarta lau, ana iya sanya mata manhajar Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma ana ba su gyaran tsaro, su ci gaba da aikin koyarwa.

Na huɗu, idan saye ya zama dole, a fi karkata ga tsarar da ta yi shekara ɗaya ko biyu a kasuwa. Aibunta ya riga ya bayyana an gyara, kayan gyaranta sun yaɗu, masu gyara a Zuru ko Kontagora ko Birnin Kebbi sun saba da ita.

Na biyar, a yi lissafin kuɗin kowace shekara da na kowane ɗalibi. Ga misali da alƙaluman ƙaddarawa, ba farashin kasuwa ba. Makaranta na da naira miliyan 9. Sabon samfuri naira 900,000 ne, ana sa ran ya yi shekara 6, wato 150,000 a shekara. Na hannu mai kyau, wanda ke ɗaukar Windows 11, naira 300,000 ne, ana sa ran ya yi shekara 3, wato 100,000 a shekara. Kuɗin zai sayi sababbi 10 ko na hannu 30. A aji mai ɗalibi 60, zaɓi na farko ya ba mutum 6 kwamfuta ɗaya, na biyu ya ba mutum 2. A darasi mai minti 40, ɗalibi zai taɓa na'ura ƙasa da minti 7 a na farko, minti 20 a na biyu. Amma fa a tuna araha ba ta ado: na hannu sai an gwada batiri da allo da rumbu a gaban mai sayarwa, kuma a ware wani abu domin maye gurbinsu bayan shekara uku.

Na shida, a yi koyi da manomi. A sayi biyu ko uku a gwada su zango guda cikin zafi da ƙura da wutar garin, kafin a sayi arba'in.

Ina tsohuwar za ta?

Duk kwamfutar da aka sauya sai ta sami makwanci. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22.3 cikin ɗari kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa ta hanyar da ta dace. A cikin tsofaffin na'urori akwai dalma da zaiba da kadmiyam. Dalma na lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma ba a san wani adadi nata da ba shi da illa a jini ba. Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga wannan guba, domin a 2010 a maƙwabciyar jihar Zamfara yara aƙalla 400 suka rasu sakamakon dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje. Tushen gubar daban ne, amma aikinta a jiki ɗaya ne. Saboda haka kada a ƙona tsofaffin alluna da wayoyi domin ciro tagulla, kada kuma a zubar da su kusa da rijiya ko rafi. Kwamfutar da aka ƙara wa shekara uku na aiki ta rage wa ƙasa shara, ta kuma rage wa makaranta kashe kuɗi.

Kammalawa

Amsar tambayar da aka fara da ita ta dogara ga mai tambaya. Cibiyar binciken da sauri ke ƙara mata sakamako, tana da kuɗi da wakilin kamfani a kusa, tana iya shiga sahun farko. Makarantar sakandare, da ɗalibin da iyayensa suka sayar da buhunan dawa domin saya masa kwamfuta, gara su tsaya a sahu na biyu: su gyara abin da ke gyaruwa, su sauya abin da tallafinsa ya ƙare, su sayi tsarar da wasu suka riga suka gwada. Daidai ruwa daidai tsaki.

Tambayoyi domin nazari a aji

1. Wani aiki yana ɗaukar daƙiƙa 60, firosesa na cin 15 daga ciki. Daƙiƙa nawa zai ɗauka idan aka sanya firosesar da ta fi ta da sauri sau uku?

2. Ɗaki yana da kwamfuta 25, kowace na cin wat 110, ana aiki da su sa'a 4 a rana. Kilowat-awa nawa suke ci a kwana 5?

3. A bayyana ƙa'idar Sprengel da Liebig da misali ɗaya daga gona, ɗaya daga ɗakin kwamfutar makaranta.

4. Tare da malami, ɗalibai su duba kwamfutoci uku na makarantarsu, su rubuta tsarar firosesa, da yawan RAM, da irin rumbun ajiyar kowace, sa'an nan su ba shugaban makaranta shawara a rubuce: a gyara, a sauya manhaja, ko a sayi wata.